Tsamiyar da Gari Ya Tarar

Duk wanda ya saurari sunayen unguwanni da garuruwan ƙasar Kano da kunnen basira zai lura cewa da yawa daga cikinsu sunayen itatuwa ne. A cikin birni akwai Durumin Iya da Cediyar 'Yan Gurasa da Kasuwar Rimi, a waje ga Kurna da Giginyu da Ɗorayi da Tsamiyar Boka, can gaba kuma ga Rimin Gado. Wannan ya nuna cewa sau da yawa itace ne ke riga mutane zama a wuri, su zo su tarar da shi, su raɓe shi, har su ari sunansa. Amma in mutum ya tafi wasu daga cikin wuraren nan yau ya ce a nuna masa itacen da ya ba su suna, da wuya ya sami mai nuna masa.

Rano, wadda ake yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo, ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajida ita da Kano aka ba sarautar baba, watau rini. Ita da maƙwabciyarta Kibiya suna kudancin Jihar Kano, inda damina ta fi ta arewa albarka, ƙasa kuma ta fi riƙon itace. Matafiyin da ya biyo hanyar Bunkure zuwa Rano, ya zarce Kibiya, zai yi ta ganin ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da kaɗanya a warwatse cikin gonaki, tsakanin duwatsu. Baƙo zai zaci ragowar daji ne, alhali kuwa babu guda ɗaya a cikinsu da ba ta da mai ita. Da gangan aka bar kowace sa'ad da ake sassabe, domin kalwa ko miya ko kunu ko abincin dabba. Binciken da Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka buga a 1990 game da itacen girki a Kano ya nuna cewa a gonakin da ke kewaye da birni, inda jama'a ta fi cunkoso, manoma ba su bari itatuwansu sun ƙare ba, ko da yake birni na ƙona itace dare da rana. Daga dazuzzuka masu nisa ake kawo mafi yawan abin da ake ƙonawa. Ashe manomi ya san darajar itacen gonarsa.

Matsalar da ta taso yanzu ta wani fanni ce dabam. Garuruwa irin su Rano sun tumbatsa sun wuce tsohuwar iyakarsu, an yayyanka gonakin bayan gari sun zama filaye, filayen kuma sun zama unguwanni. Bishiyar da ta girma a sarari, saiwoyinta na yawo inda suka ga dama, shanu na kwana a gindinta suna ba ta taki, sai ta wayi gari a tsakar gida, katanga a gabas, ramin shadda a yamma, wayar lantarki a bisa kanta. Wadda ta tsira daga gatari ranar da aka yanka fili takan mutu a hankali bayan shekaru, a hannun mutanen da ba su nufe ta da sharri ba. Labarin wata tsamiya da ke wani gida a bayan garin Rano, ta wajen hanyar Kibiya, ya isa misali.

Mai gidan tsohon malamin firamare ne da ya daɗe da yin ritaya, unguwa duka Malam take ce masa. Wurin da gidansa yake gonar mahaifinsa ce, a da kuwa akwai manyan itatuwa huɗu a cikinta: ɗorawa biyu, kuka ɗaya, tsamiya ɗaya. A farin 1973, sa'ad da hatsi ya ƙone a tsaye, garin ɗorawar nan da miyar kukar nan suna cikin abin da ya riƙe gidan har Allah ya kawo sauƙi, haka kuma aka sake yi a 1984. Saboda haka tsohon bai yarda a sari ko reshe ba sai da izninsa. A da can in an zo rabon gado akan raba gona a bar itatuwa a tsakanin magada, kowace shekara a raba abin da suka haifa. Amma ko da tsohon ya rasu gonar ta riga ta shiga gari, kowa fili yake so ya gina ko ya sayar. Bishiya ba ta rabuwa gida goma sha ɗaya, kuɗinta kuwa suna rabuwa. Aka sayar da ɗorayin nan biyu ga masu gawayi. Kukar ta faɗa rabon wani da ya sayar wa baƙo, ba ta ƙara wata guda ba aka kwantar da ita. Tsamiyar ce ta faɗo a rabon Malam, shi kuwa ya ja ginin ɗakunansa baya ya bar mata tsakar gida.

Kusan shekara talatin gidan yana rayuwa a ƙarƙashinta. Da hunturu uwargida, wadda kowa ke kira Inna, takan sa a kaɗo 'ya'yan, a ɓare, a cura. Ta ware na kunun shekara, ta aika da na zumunci, sauran kuma a kai kasuwa. A inuwar ake daka da kitso, a nan yara ke karatun allo, a nan mata ke taruwa ranar suna. Da bazara kuwa, sa'ad da ɗakin kwano ke zama kamar tanderu, har matan maƙwabta kan yi sallama su shigo da tabarminsu. Akwai masu cewa tsamiya matattarar iskoki ce, bai kamata a kwana da ita gida ɗaya ba. In an faɗa wa Malam haka sai ya yi murmushi ya ce, aljanin da ya zauna da mutum shekara talatin bai taɓa ɗauke masa ko ludayi ba, ai ya fi wasu maƙwabtan.

Babban ɗan Malam yana aiki a Kano, Allah kuwa ya buɗa masa. Wata shekara ya zo gida da damina ya tarar da mahaifiyarsa tana tsallake taɓo da kwano a hannu, abin ya sosa masa rai. Bai koma ba sai da ya kawo magina, aka malale tsakar gidan da siminti tun daga bakin zaure har jikin tsamiyar. Domin ƙarin kyau aka kewaye gindinta da dakalin bulo, aka cika shi da ƙasa, aka shafe samansa, don Baba ya riƙa zama. Kowa ya sa masa albarka, ya kuwa cancanta, gama da zuciya ɗaya ya yi. A shekarar nan ce kuma wani Alhaji ɗan kasuwa ya sayi filin da ke gabas da gidan, ya sa aka haƙa harsashin katanga taku uku daga gindin bishiyar. Leburori suka ci karo da saiwoyi masu kaurin cinyar mutum, suka sa gatari suka datse, suka ci gaba da aikinsu.

Shekara ta farko tsamiya ba ta nuna komai ba, ta biyu ma haka. A ta uku sai ganyenta ya fara ƙanƙancewa, rassan ƙoli suka bushe, 'ya'yan da a da ke cika buhuna suka koma ba su fi kwando biyu ba, kauci kuma ya yi mata rawani. Ruwa ba ya tsami banza, amma da yake an sami shekaru tsakanin sanadi da ciwo, ba wanda ya tuna da siminti ko harsashi. Aka ce tsufa ne.

Magana ta fito fili ranar hadarin farko na wata damina. Iskar da ke gaba da ruwa ta taso da dare, ta karyo wani busasshen reshe, ya faɗa kan ɗakin da 'ya'yan Alhaji ke kwana. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo, amma kwano ya lotsa, katako biyu suka karye. Da aka idar da sallar asuba Alhaji ya tari Malam a ƙofar masallaci.

"Allah ya gafarta Malam, jiya sauran kwana ne ya fid da 'ya'yana. Ni ba rigima nake nema ba, amma bishiyar nan ta gama zamaninta. In kuɗin sara ne, ni zan biya."

Malam ya yi masa jaje, ya ce gyaran kwano a wuyansa yake, batun sara kuwa a ba shi kwana biyu. Kafin azahar labari ya kai Kano. Ɗan ya iso da yamma, ya durƙusa ya gai da mahaifinsa.

"Baba, a yi haƙuri a rabu da ita. Yau kwano ne, gobe ba a san abin da zai zama ba. Akwai mai injin yanka da ya ce zai saya, kuɗin sun isa a yi rumfar kwano a tsakar gida har a sami canji."

Ba ƙarya ya yi ba game da kuɗin. Itacen tsamiya mai tauri ne, gawayinsa na daɗewa a murhu, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa ga gawayi, masu saye suna bin unguwanni suna taya duk babbar bishiyar da suka hango. Malam, wanda ba ya kiran sunan ɗan nan saboda ɗan fari ne, ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, "Kai, rumfar kwano tana haihuwa?" Inna daga bakin ɗaki ta ce ita ba ta da ta cewa, illa dai a tuna da kunun da aka yaye su da shi.

Da maganar ta ƙi ƙarewa sai aka kai ta gaban mai unguwa, shi kuma ya aika a kira liman, domin rikicin itace da katanga ba sabon abu ba ne a shari'a. Liman ya bayyana musu cewa a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, wanda Ibn Asim alƙalin Garnaɗa ta Andalus ya wallafa kafin rasuwarsa a 1426, akwai fasali guda a kan cutarwar itatuwa. Abin da ya fahimtar da su shi ne, in katanga ce ta riga aka dasa bishiya daga baya, to, duk abin da ya cuci katangar sai a sare shi. In kuwa bishiya ce ta riga, malamai sun saɓa: wasu sun ce a rage ta, amma zance mafi shahara shi ne a bar ta, tun da mai gini zuwa ya yi ya tarar da ita. Sai dai reshen da ya ƙetare iyaka ya shiga sararin maƙwabci, maƙwabcin yana da haƙƙin a datse masa shi. Ke nan Alhaji ba shi da ikon tilasta a kwantar da tsamiya, Malam kuma ba shi da ikon barin busassun rassa suna reto a kan 'ya'yan mutane. Liman ya ƙara da cewa littafi ya faɗi haƙƙin kowa, amma bai faɗi ko bishiyar za ta rayu ba. Wannan sai a tambayi masu sanin itace.

Mai unguwa ne ya tuna da wani dattijo a wani ƙauye na ƙasar Kibiya. Mahaifinsa masassaƙi ne, mai turmi da akushi da ƙotar fartanya, shi kuma tun zamanin En'e ya yi aikin lebura a wurin renon itatuwa na malaman daji, saboda haka ya haɗa sanin gida da na ma'aikata. Aka ɗauko shi a babur. Bai ce komai ba sai da ya kewaya bishiyar sau uku. Ya ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar gatari yana saurare ko zai ji amon kogo. Ya sa yaro ya karyo masa ƙananan rassa daga kowace kusurwa, ya kankare su da farce yana neman kore. Ya duƙa ya duba ko laimar kwaɗi ta fito a gindi, gama ita ce alamar ruɓa a ciki. Sa'an nan ya buga sandarsa a kan simintin ya dubi ɗan Malam.

"Ɗana, wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ne, Baba."

"Allah ya yi maka albarka, ka ji ƙan mahaifiyarka. Amma ka toshe wa kakarka hanci da baki. Ba tsufa ke damunta ba, tsamiya tana haura shekara ɗari tana haihuwa. Ƙishirwa ce da shaƙewa."

Abin da dattijon ya bayyana musu a ranar ya dace da abin da masana ilmin itatuwa suka tabbatar. Mutane da yawa suna zaton saiwar babbar bishiya can ƙarƙashin ƙasa take tana shan ruwan rijiya. Gaskiya ne tsamiya tana da uwar saiwa mai nitsewa, shi ya sa ma wannan ta jure har shekara uku. Amma ƙananan saiwoyi masu kama da gashi, waɗanda su ne ke tsotso ruwa da abinci, yawancinsu ba su wuce zurfin kamu ɗaya ko biyu ba, kuma suna bazuwa har su wuce inda inuwa ta tsaya. Suna bukatar iska kamar yadda suke bukatar ruwa. In aka rufe su da siminti, ruwan sama sai ya bi rariya ya fice waje, iska ba ta shiga, ganyen da a da ke zuba ya ruɓe ya zama taki kuma tsintsiya ta kwashe shi. Dakalin da aka cika da ƙasa kuwa ya binne ɓawon gindi, wanda ba a halicce shi don zama cikin danshi ba, sai ya fara ruɓewa a ɓoye.

Ya nuna musu wata tsohuwar wayar shanya da ta nutse cikin wani babban reshe, da wani gefe inda masu neman sassaƙe suka ɗaye ɓawo. Ya ce ran bishiya a ƙarƙashin ɓawo yake, a wani siririn falle da ke sauko da abinci daga ganye zuwa saiwa. In aka yanke shi ya kewaye, bishiya takan mutu a tsaye. Shi ya sa masu magani na da in za su ɗebi sassaƙe sukan ɗiba a tsaye, gefe guda, ba su komawa wurin sai ya rufe. Wutar bola da ake hurawa a gindin itace, da akuyar da ake ɗaurewa a jikinsa tana gaigayar ɓawo, duk ɓarna ɗaya suke yi. Da Alhaji ya ce ai gara ta riga ta cinye ta, dattijon ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gara mataccen wuri take fara bi. Kauci kuwa tsuntsaye ne ke kawo shi, su ci 'ya'yansa masu danƙo su goge baki a reshe, ya tsiro ya soka saiwarsa cikin naman itace yana shan ruwan mai gida. Tsinke ganyensa aikin banza ne, sai an yanke reshen kamu guda a ƙasa da inda ya manne.

Daga nan ya nemi a kai shi bayan katanga ya ga inda aka datse saiwoyi. Ya daɗe a tsaye, sa'an nan ya ce, "Alhaji, saiwoyin da aka yanke su ne igiyar da ke riƙe ta ta gabas, iskar hadari kuwa daga gabas take tasowa. In har za ta faɗi gaba ɗaya, ba kanka za ta faɗo ba, ɗakunan Malam za ta nufa." Wuri ya yi tsit. Ya juya ga mai gida ya ce, "Malam, ba zan yaudare ka ba. Uwar saiwa tana nan, jiki ba kogo, ina kyautata zaton za ta tashi. Amma kowace shekara kafin hadari a duba ƙasar gabas. Ranar da aka ga ta tsage ko ta ɗaga, ko bishiyar ta fara karkata, a kwantar da ita a ranar, kada a jira ni. Rai ya fi itace." Malam ya ce ya ji, ya kuma yarda. A daren nan ya sa aka mayar da jikokinsa ɗakin da ke nesa, shi ya koma wanda ke ƙarƙashin rassa.

Aikin ya ɗauki kwana uku. Ɗan Malam ya kawo shawarar a yi mata aski ƙwal-kwabo, kamar yadda ake yi wa darbejiyar bakin titi in ta kusa waya, dattijon ya ƙi. Ya ce ganye shi ne madafin bishiya, mara lafiya kuwa ba a rushe masa murhu. Ban da haka, tohon da ke fitowa a bakin dungu a fatar itace kawai yake manne, shi iska ke fara karyawa bayan 'yan shekaru. A shekara guda ba a raba babbar bishiya da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta. Ya sa samari biyu suka hau da igiya da zarto, yana ƙasa yana nuni da sanda, aka fid da busassun rassa da masu kauci da waɗanda suka ƙetare katanga. Kowane reshe sai an fara tsaga shi ta ƙasa, kada nauyinsa ya ɗaye ɓawo in ya karye, sa'an nan a yanke ta sama a sauko da shi da igiya. Daga baya a gyara dungun daidai bakin kumburin nan da ke wuyan reshe, ba a bar shi da tsawo ba, ba a kuma shafe shi da jikin uwa ba. Da aka kawo baƙin mai za a shafa a miki, ya hana. A nan ma ya yi daidai da Alex Shigo, masanin hukumar gandun dajin Amurka, wanda ya tsaga dubban itatuwa ya nuna a shekarun 1970 cewa itace ba ya warkewa irin na jikin mutum: killace ruɓa yake yi ya gina sabon nama a kanta, kumburin wuyan reshe ne ke rufe mikin, fenti ko mai kuwa ba ya hana ruɓa.

Abin da ya fi wuya shi ne fasa simintin, domin kuɗi aka zuba, kuma kyautar ɗa ce ga iyaye. Malam bai ce a fasa ba, bai ce a bari ba. Ɗan ya kwana yana tunani, da safe shi ya fara ɗaukar guduma. Aka rushe dakali, aka buɗe ƙasa taku shida ta kowane gefen da hali ya yi, aka bar siririyar hanyar siminti daga zaure zuwa ɗakuna saboda taɓon damina. Aka sassauta ƙasar sama-sama, aka baza ruɓaɓɓen taki da ƙaiƙayi ba tare da sun taɓa gindi ba, aka kafa wa rago turke a nesa. Dattijon ya ce da bazara a riƙa zuba mata ruwan alwala da na ɗauraya can wajen bakin inuwa, ban da ruwan sabulu. Damina biyu sun wuce tun daga lokacin. Gefen yamma ya yi sabon ganye ya yi huda, bara Inna ta cura abin da ya kai rabin na da. Gefen gabas har yanzu a ƙanjame yake, mai yiwuwa kuma haka zai tabbata. Alhaji ya sami sararinsa, amma da bazara ta zo ya ga yadda rana ke dukan ɗakin 'ya'yansa, an ji shi yana tambayar inda ake samun dashen mangwaro.

Kowace damina akan yi gangamin dashen itatuwa, manya su dasa, a ɗauki hoto, a watse. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Kano kuwa tana cikin jihohin da shirin ya shafa. Dashe abu ne mai kyau. Darbejiyar da ta cika garuruwan Arewa ma baƙuwa ce mai asali daga Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno. Amma ana lissafin abin da aka dasa ba a lissafin manyan da ake rasawa, alhali dashe ɗari na bana ba za su ba da inuwar tsamiya ɗaya ba sai wanda ya dasa su ya yi furfura, in ma awaki sun bar su. Manoman Maraɗi sun nuna wata hanya tun daga 1983, sa'ad da Tony Rinaudo, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, ya ƙarfafa musu gwiwar renon tohon kututturan da ke gonakinsu maimakon sare shi, abin da suka sa wa suna sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kudancin Nijar. In kututture mai saiwa ya cancanci wannan kulawa, ina ga bishiyar da ke tsaye da inuwarta da 'ya'yanta?

Abu biyu suka rage suna damun Malam. Na farko, dattijon Kibiya ba shi da magaji. Samarin da suka hau masa bishiya sun fi son injin yanka, wanda ke kwantar da itacen shekara ɗari kafin a sauke tukunya, a biya su a ranar. In ya tafi zai tafi da sanin da ba a rubuta ba, har da kalmominsa, waɗanda ya kamata ɗaliban Hausa su bi irinsa ƙauye-ƙauye su tattara tun da sauran lokaci. Na biyu, Malam ya ga abin da rabon gado ya yi wa ɗorayin mahaifinsa, ya kuma san nasa 'ya'yan tara ne. Ya tambayi liman ko zai bar wasiyya kada a sare ta. Liman ya ce abin da ya zama na magada su ke da iko da shi, amma in ya mayar da ita wakafi tun yana raye, ya kuma danƙa ta a hannun wani, ta fita daga gado. Saboda haka ranar wata Juma'a, a gaban mai unguwa da shaidu, da yardar Inna da 'ya'yansa, ya bayyana cewa tsamiyar da ƙasar da aka buɗe mata sadaka ce mai gudana, 'ya'yanta na kunun buɗa-baki ne a masallacin unguwa duk azumi, liman ne kuma mai kula. Ya ce ya san ladan da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambata ga mai dashe in mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci. Shi bai dasa ba, amma yana fatan wanda ya raya ma ba zai tashi a banza ba. Aka rubuta takarda, Alhaji yana cikin waɗanda suka sa hannu.

Ko jikoki za su girmama takardar nan, Allah ne masani. Abin da unguwa ke gani dai yanzu shi ne, duk ƙarshen bazara kafin hadarin farko, babban ɗan yakan zo daga Kano, ya gai da iyayensa, sa'an nan ya zagaya gabashin tsamiyar ya duƙa yana duba ƙasa.